Mayar da Abin da Ya Faru da Kai Rubutun Tunatarwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutanen da wani abu ya same su, ko ya faru a kan idonsu, suka ji ya kamata su rubuta shi ya zama tunatarwa. Mafi yawan hujjojin daga Alƙur'ani da hadisi suke, amma marubuci Kirista ma zai ga nasa a ciki.

Wane irin rubutu ne wannan, kuma me ya raba shi da wa'azi?

Mai wa'azi yakan ɗauko aya ko hadisi, ya fassara, sannan ya gangaro kan halin mutane. Wannan rubutu kuwa daga ƙasa yake tashi: jinyar mahaifi, bashin da aka biyo ka, aikin da ka nema ka rasa, wata magana da ɗanka ya yaɓa maka kana tsakiyar yi masa faɗa. Ka faɗi abin yadda ya faru, sai ka nuna inda ya tuna maka da Allah. Malami yana magana ne da ƙarfin iliminsa. Kai abin da idonka ya gani shi ne jarinka, kuma nan iyakarka take.

Ni ba malami ba ne. Ya halatta in sa baki a maganar addini?

Ya halatta, amma da iyaka. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce a isar daga gare shi ko da aya ɗaya ce. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i kuma ta hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa. Tsakanin waɗannan biyu filinka yake.

Idan ka rubuta, "Da na ga maƙwabcina ya yafe bashin da yake bi, sai kunya ta kama ni kan yadda nake matsa wa ƙanena," babu wanda zai ja da kai, domin kai abin ya sama. Amma da zarar ka ce, "Duk wanda bai yafe bashi ba ya yi zunubi," ka hau kujerar mai fatawa, kuma ka faɗi ba daidai ba. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu, yafewa kuwa ta ce ita ce mafi alheri, ba ta ɗora ta dole ba. Kalmomin halal, haram, wajibi da bidi'a, duk inda ka ga alƙalaminka zai rubuta su, tsaya ka tambayi wanda ya sani.

Rayuwata babu wani abin mamaki a cikinta. Me zan rubuta?

Masu wannan tambaya suna jiran hatsarin mota da za su tsira daga shi, ko mafarki mai girgiza zuciya. Ba a bukatar ko ɗaya. Dubi inda Annabi (SAW) yake ɗauko darasi. Jabir ya ce sun bi ta kasuwa, sai suka ga mushen ɗan akuya mai guntayen kunnuwa. Annabi ya kama kunnensa ya tambaya wa zai saye shi dirhami ɗaya. Suka ce ko da ransa ma aibinsa ya isa, balle ya mutu. Sai ya ce duniya ta fi wannan wulaƙanci a wurin Allah. Muslim ne ya ruwaito. A wani hadisin na Buhari da Muslim, wata mata ce cikin fursunonin yaƙi take ta neman ɗanta, da ta samu jariri sai ta rungume shi ta ba shi nono. Annabi ya tambayi sahabbai ko suna ganin wannan za ta jefa ɗanta a wuta. Suka ce a'a. Ya ce Allah ya fi ta tausayin bayinsa.

Mushe a kasuwa da uwa mai shayarwa, kowa ya taɓa ganinsu. Suratul Gashiya ma raƙumi ta ce a duba yadda aka halicce shi. A babi na 15 na Linjilar Luka, Yesu ya kawo misalin wata mata da kuɗinta guda ya ɓace cikin goma, ta kunna fitila ta share ɗaki tana nema. Abin da ya yi wa yawancinmu ƙaranci shi ne tsayawa a duba da kyau.

Abu yakan taɓa zuciyata, amma kafin in zauna rubutu ya gudu. Yaya zan yi?

Tsohuwar matsala ce. Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza da ya rasu a 1201, ya yi littafi sukutum saboda ita, Saidul Khaɗir, ya kuma faɗa a gabatarwarsa cewa tunani yakan zo masa ya wuce, ya manta, ya yi ta baƙin ciki, shi ya sa ya fara kama su a rubuce. Ka ajiye ƙaramin littafi a aljihu, ko ka rubuta a waya, ko ka naɗi muryarka.

Sai dai ka kula da abin da kake rubutawa. Yawanci mutum darasin yake rubutawa: "Yau na koyi haƙuri." Bayan wata biyu wannan layi ba zai amfane ka da komai ba. Rubuta wanda ya yi magana, da ainihin kalmar da ya faɗa, da abin da yake riƙe da shi a hannu, da abin da ka ji a ranka ko da mummuna ne. Darasi ba ya ɓacewa, za ka same shi duk ranar da ka dawo. Ƙananan abubuwan nan su ne suke zubewa.

Da labari zan fara ko da aya?

Galibi da labari. Kwatanta waɗannan buɗewa biyu na wata da take jinyar mahaifinta. Ta farko: "Haƙiƙa lafiya babbar ni'ima ce wadda ba ma sanin darajarta sai mun rasa ta. Duniya ba matabbata ba ce." Gaskiya ne, amma mai karatu ya ji ta sau dubu, zai wuce.

Ta biyu: "Tun da mantuwa ta kama Baba ya daina gane ni. Wani lokaci yakan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun kafin a haife ni. Ran nan ina goge masa hannu da tsumma, sai na fara karanta Fatiha ƙasa-ƙasa, don kaina kawai. Ina kaiwa Maliki yaumiddin sai na ji ya karɓe. Ya kai ta ƙarshe bai tsallake harafi ba, ya ce amin, sannan ya dube ni ya ce, 'Yarinya, ke 'yar gidan waye?'" A nan ba a ce wa kowa ya ji tsoron Allah ba tukuna, amma mai karatu ya riga ya fara tambayar kansa abin da zai saura a bakinsa ranar da komai ya zube. Idan aya ta zo bayan wannan, ta samu wurin zama.

Ta yaya zan haɗa labarin da aya ko hadisi ba tare da na tilasta ba?

Gwajin mai sauƙi ne: cire ayar, ka sa wata a gurbinta. Idan rubutun bai canza ba, to ayar faci ce aka yi wa riga da ƙyallen da ba nata ba. Nassin da ya dace shi ne wanda ya faɗo maka a rai lokacin da abin yake faruwa, ko wanda ka daɗe kana karantawa amma sai ranar ka ji nauyinsa. Guda ɗaya ya isa. Jera ayoyi biyar a ƙarshen labari ɗaya alama ce ta cewa marubuci bai san wadda yake nufi ba.

Kafin ka yi amfani da aya, karanta wadda take gabanta da wadda take bayanta, ka leƙa tafsiri. Akwai ayoyin da suke maganar munafukai ko azabar lahira, sai ka ga an ɗora su a kan abokin kasuwancin da aka yi saɓani da shi. Kan tabbatar da ingancin nassi, duba tambayar da take kan hadisan da ke yawo a waya.

Zan iya rubuta cewa Allah ya yi kaza ne saboda kaza?

A nan masu irin wannan rubutu suka fi zamewa. Mota ta lalace maka, ka makara, daga baya ka ji an yi hatsari a hanyar, sai ka rubuta cewa Allah ya lalata motar ne don ya tserar da kai. To, waɗanda hatsarin ya rutsa da su fa? Me kake faɗa wa iyalansu? Ka yi godiya, ka faɗi yadda jikinka ya yi sanyi, amma kada ka zama mai fassara nufin Allah.

Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi kusufi. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Ga uba yana cikin baƙin ciki, ga fassarar da take ɗaukaka shi, amma ya ƙi ta. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A Suratul Kahfi, Annabi Musa da kansa ya ga an huda jirgi, bai gane dalili ba sai da aka faɗa masa. A babi na 13 na Luka ma an kawo mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, Yesu ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Mafi muni shi ne fassara masifar wani: wane ya cuce ni, ga shi ciwo ya kama shi. Ko akasin haka, mai jinyar nan da aka kawo misalinta a sama ta ce karatun Baba ya tabbatar ɗan Aljanna ne. Tana iya cewa tana yi masa kyakkyawan zato, tana fata. "Ina fata", "sai na ji kamar", "ya tuna mini", waɗannan ba raunin rubutu ba ne, matsayin bawa ke nan.

Laifi ne in ƙara wa labarin gishiri don ya fi ratsa zuciya?

Laifi ne, matuƙar ka gabatar da shi a matsayin abin da ya faru. Taƙaitawa, da barin abin da bai shafi zancen ba, da sauya suna don sakaya mutum, duk babu komai. Abin da ba ya halatta shi ne ƙirƙiro abin da darasin ya dogara a kansa: a ce Baba yana cewa amin sai rai ya yi halinsa, alhali ya ƙara shekara a duniya. Labaran mafarki sun fi shan wannan gyara, kuma Buhari ya kawo hadisi cewa wanda ya yi ƙaryar mafarki za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, ba kuwa zai iya ba.

Kyakkyawar niyya ba ta wanke ƙarya. Malaman hadisi sun ba da labarin mutanen da suka ƙirƙiro hadisai kan falalar surori don a koma karatun Alƙur'ani, suna ganin lada suke nema, kuma ba a karɓar musu wannan uzuri ba. Idan kana son ƙirƙira, ƙofa a buɗe take: rubuta ƙagaggen labari, ka faɗa tun farko cewa ƙagagge ne.

Labarina ya ƙunshi matata da 'yan'uwana da abokan aikina. Ina giba ta fara?

Hadisin Muslim ya yanke magana: giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da ba ya so. Idan gaskiya ne ka yi giba, idan ba gaskiya ba ne ka yi ƙazafi. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya lissafa wurare 6 da aka yi rangwame a Riyadus Salihin, kamar kai ƙarar zalunci, da neman fatawa, da gargaɗin mutane daga cuta. Neman rubutu ya yi armashi ba ya cikinsu.

Sauya suna kaɗai ba ya isa. Idan ka ce "wata dattijuwa a danginmu" alhali duk wanda ya san ku ya san surukarka kake nufi, ba ka sakaya kowa ba. Ko dai ka nuna wa mutumin rubutun ya amince, ko ka cire duk alamar da za ta kai gare shi, ko ka juya labarin ya koma kan abin da kai ka yi. Na ukun ya fi ba da rubutu mai kyau, domin labarin da marubuci ne mai gaskiya kowa kuma mai laifi, ramuwa ce aka sa mata rawani. Wanda ba zai iya ba da izini ba, kamar yaro, ko mara lafiyar da hankalinsa ya gushe, ko mamaci, hakkinsa ya fi nauyi. Shawarci na kusa da shi, ka bar duk abin da da yana ji zai sunkuyar da kai.

Ni fa, in faɗi zunuban da na yi a baya don wasu su ɗauki darasi?

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk al'umma ana yi mata afuwa ban da masu bayyanawa, wato wanda ya yi saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya ce wane, jiya na yi kaza. Don haka asali shi ne rufin asiri, musamman abin da ya shafi alfasha, ko wanda faɗarsa za ta tona wani.

Duk da haka, ɗaya daga cikin labarai mafi ƙarfi a littattafan hadisi mutum ne yake ba da labarin kasawarsa. Ka'abu ɗan Malik bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, kuma ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba. Kullum yana cewa gobe zai shirya, har runduna ta yi nisa. Da Annabi ya dawo, ya faɗa masa gaskiya cewa ba shi da uzuri, aka ƙaurace masa dare 50. Ya ce yakan yi wa Annabi sallama bayan salla, ya tambayi kansa: Annabi ya motsa leɓensa ya amsa kuwa? Yakan yi salla kusa da shi yana satar kallonsa. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, mutumin da ya fi so, ya yi sallama ba a amsa ba. Har aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubarsa. Ka lura da abin da ya zauna a kansa: jinkiri, da kunya, da nauyin faɗin gaskiya. Babu inda ya ƙawata laifin. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, shi ma a littafin ikirarinsa da ya rubuta wajen shekara ta 400, ya daɗe a kan 'ya'yan itacen da suka sata yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu, yana tuhumar zuciyarsa me ya sa ta so ɓarna don ɓarna kawai. Idan mai karatu zai gama da sha'awar laifin, ko da ganin ka a matsayin gwarzon da ya sha duniya, ajiye alƙalamin.

Ina tsoron riya. Ba tallar kaina nake yi ba kuwa?

Tsoron a wurinsa yake. Imam Gazali yana koyar da ɗalibai 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa, ya ce ya tarar neman matsayi da suna ne yake tura shi. Ya yi kusan wata 6 yana kai-kawo har harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, ya bar garin a 1095. Amma bai daina rubutu ba, manyan littattafansa ma bayan nan suka zo.

Ƙarshen Suratud Duha ya ce a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Duba rubutunka ka ga wa ya fito da girma a ƙarshe. Idan sadakarka ce da tsayuwar darenka suke tsakiyar labarin, cire su. Idan kuma ka rubuta don Allah sai mutane suka yaba, an tambayi Annabi (SAW) irin wannan, ya ce busharar mumini ce ta gaggawa. Abin da ya fi riya saurin kama marubuci a yau shi ne komawa kowane minti yana duba mutum nawa suka danna masa alamar so a Facebook, har ya fara zaɓen abin da zai rubuta saboda su.

Har yanzu ina cikin jarrabawar, ban ga mafita ba. In jira sai ta wuce?

Rubuta yanzu, amma kada ka yi saurin fitarwa. Abin da aka rubuta cikin zafin rashi ko saki yakan ɗauko sunayen mutane da hukuncin da za a yi nadamarsa (duba amsar giba). Ajiye shi ya huce.

Ba sharaɗi ba ne labari ya ƙare da samun sauƙi. Annabi Yaƙubu ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah ne kawai, a lokacin kuwa bai san ranar da zai ga Yusufu ba. Zabura ta 88 da duhu ta ƙare. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙin makoki da dama, har da na ɗan'uwanta Muhammadu Bello, ba ta ɓoye zafin rashi ba. Wanda ya shekara goma yana neman haihuwa, labarin "na yi addu'a sati ɗaya sai ga amsa" ƙara masa ciwo yake. Labarin wanda yake jira bai daina roƙo ba ya fi yi masa amfani.

Hadisan da ke yawo a waya fa, in ɗauka in sa?

Kada ka sa sai ka ga asalinsa. Hadisin da ya ce wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta yana cikin mafi ingancin abin da aka ruwaito, kuma Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Nemo littafin da aka ce yana ciki, ka ga hukuncin da malamai suka yi masa. Saƙon da aka rufe da "tura wa mutum goma" ka yi masa mummunan zato tun daga nesa. Idan ba ka tabbatar ba, cire shi, labarinka zai tsaya da ƙafarsa.

Fassarar aya kuma kada ka yi ta da ka. Ɗauko daga fassarar da aka sani, kamar ta Sheikh Abubakar Gumi, ka faɗi sura da lambar aya. Idan ma'ana kawai ka kawo da kalmominka, kada ka sa ta cikin alamar zance.

Yaya tsawonsa zai kasance, kuma sau nawa zan riƙa rubutawa?

Abu ɗaya da ya faru, tunani ɗaya, nassi ɗaya. Shafi guda yakan ɗauke su. Kada ka ɗora wa kanka fitar da rubutu kullum, domin ranar da babu abin faɗa za ka fara matse darasi daga inda babu shi. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane tunatarwa. Wani ya roƙe shi ya mayar da ita kullum, ya ce ba ya son ya gundure su, haka Annabi yake zaɓar musu lokaci.

Wa zan nuna wa kafin in fitar, kuma idan an gano kuskure daga baya fa?

Mutum biyu. Na farko mai ilimi, ya duba nassi da duk inda hukunci ya kutso. Na biyu wanda ya san ka kuma ba ya jin nauyinka, zai fi kyau idan yana wurin lokacin da abin ya faru. Shi ne zai ce maka, "Ai ba haka ka ce ba ranar, zaginsa ka yi." Wanda zai ce masha Allah kawai, bar shi sai an fitar.

Idan an nuna maka hadisin da ka kawo bai inganta ba, ko ka ɗora aya ba a wurinta ba, gyara a daidai inda ka fitar da rubutun, ka faɗi abin da ka gyara, domin wasu sun riga sun kwafa sun tura. Idan wani ne ya ce ka tona masa asiri, sauke rubutun tukuna, sannan ka je ka same shi ku yi magana ku biyu.